Ƙuri'ar Yaya a Kamfanin Fenti

A kamfanin fentin da mahaifinsu ya bar musu, ba wanda yake kiranta da sunanta. Ƙannenta biyu Yaya suke ce mata, ma'aikata suka ji suka ɗauka, har tsofaffin direbobin da suka girme ta nesa ba kusa ba da Yaya suke gaishe ta.

Ita ce 'yar fari. An haife ta lokacin da Baba ba shi da komai sai tsani da buroshi da bokiti, yana bin gidajen mutane yana shafe musu bango. Tana 'yar mitsitsiya ita ke wanke masa buroshi da kananzir a bakin rariya, in aiki ya samu kusa da gida kuma ta bi shi ta riƙe masa ƙafar tsani. Daga shafe bangon mutane Baba ya koma haɗa fentin da kansa a cikin wani durom a bayan gida. Daga durom ya sayi tsohon injin damawa, ya kama hayar wani shago a titin da ke fita gari. Kafin ƙannenta maza biyu su yi wayo, shagon ya zama kamfani mai maigadi da motocin kai kaya. A cikin su ukun ita kaɗai ta san lokacin babu, kuma ba ta cika ba da labarinsa ba.

Ba ta taɓa aiki a kamfanin ba. Karatun harhaɗa magunguna ta yi, ta shiga ɗakin magani na wani asibiti, ta zauna bayan 'yar taga mai ƙarafuna har ta yi ritaya. Gajeriya ce, da tabarau rataye a wuya da igiya, ba ta da yawan magana. Amma ka kawo mata takardar likita da rubutun bai fito ba, ko layi ya kai bakin titi ba za ta ba ka ƙwaya ɗaya ba sai ta tashi ta je ta tambayo. Ta auri wani mai awon filaye da kowa ke kira Safiyo, mutum mai tumbi da barkwanci, suka haifi 'ya'ya mata suka aurar. Safiyo yakan ce a gidansa an hana faɗin "ai kowa ya sani", domin kana faɗa matarsa za ta ɗago tabarau ta ce, "Wane ne kowan?"

A bayan tagar nan ta ga yadda kyauta take aiki. Wakilan kamfanonin magani suna zuwa da jakunkuna, su raba biro da kalanda, wani lokaci har firji su kai ɗakin hutun likitoci. Ba su taɓa buɗe baki sun ce a rubuta maganinsu ba. Sai dai bayan firji ya iso, takardun da ke zuwa tagarta sai su fara komawa sunan kamfani ɗaya. Likitocin ba mugaye ba ne, da za ka tambaye su rantsuwa za su yi maka cewa firji bai taɓa hannunsu ba, kuma har cikin ransu haka suka ɗauka. Ta kuma ga ɗaya gefen: sau da yawa maganin kamfanin mai firjin shi ne mai kyaun. Abin bai taɓa fitowa fari fat ko baƙi ƙirin ba, shi ya sa ba ta saurin yanke magana.

Kafin Baba ya rasu ya kira lauya ya tsara komai. Kamfanin na su uku ne. Tafiyar da aikin yau da gobe yana hannun na tsakiya, wanda tun ranar da aka miƙa masa makullai kowa ya koma ce masa Manaja, har ita. Amma duk abin da ya fita daga saye da sayarwa, sai biyu cikin uku sun yarda. Autansu malami ne a wata kwaleji, mai zafin kai da son jayayya. Shekara da shekaru Yaya tana zuwa taro, ta hau benen ofis tana dafa gwiwa, ta sha shayi, ta sa hannu inda aka nuna mata, ta koma gida. Ba a taɓa buƙatar ƙuri'arta da gaske ba sai a wata shekarar zaɓe.

Dokar ƙasar ta yarda kamfani ya ba jam'iyya gudummawa, muddin bai wuce iyakar da aka yanka ba, kuma aka buga sunansa a fili. Ma'ajin jam'iyyar da ake ganin ita za ta ci ya zo kamfanin da kansa, ya zaga ya ga injuna, ya sha ruwa a ofis, ya bar maganarsa a hannun Manaja. Manaja yana so a bayar. Auta da ya ji ya ce sai dai a tsallake gawarsa. Magana ta dawo kan Yaya.

Suka zauna a ofishin bene, a teburin Baba mai ɗigon fenti kala-kala da ya ƙi fita. Ta taga ana hango durom-durom a jere, ƙarar injin damawa tana girgiza kofunan shayi. Akantan kamfanin yana gefe da biro don rubuta abin da aka yanke. Ita dai tun daga gida zuciyarta tana wajen Auta, abin bai kwanta mata ba.

Manaja ya fara. "Yaya, ba wani abu ba ne sabo. Masu siminti sun bayar, masu kwanon rufi sun bayar, masu tayil sun bayar. Mu kaɗai za mu tsaya gefe kamar bare?"

Auta bai bari ya rufe baki ba. "Ɓarayi ne dukansu! Yaya, kin ga motar da mutumin nan ya zo da ita? Kin ga tumbinsa? Wallahi da Baba yana raye ko ƙofa ba zai bari ya shigo ba."

Ta ajiye kofinta. Abin da ya ba ta haushi shi ne wanda take goyon baya ne ya fi kawo maganar banza.

"Auta, tumbi ba hujja ba ne. Mijina ma yana da shi, kuma ko allura bai taɓa ɗauka ba. Sannan ka bar Baba ya huta, kar ka tashe shi ya yi maka shaida. Baba ya taɓa shafe ofishin wata jam'iyya kyauta, ciki da waje. Ni na riƙe masa tsani. Lokacin ko labarinka babu."

Akanta ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Manaja ya gyara zama kamar wanda ya ci, sai ta juyo kansa.

"Kai kuma, da masu siminti za su fara rage nauyin buhu, sai mu rage gwangwani? Ka faɗa mini su wa suka bayar, ba ka faɗa mini dalilin da zai sa mu bayar ba."

Ta ɗauki jakarta ta miƙe. "Ku je ku dawo mini da maganar da za ku iya faɗa wa wanda ba ya sonku, ya juya ta ya rasa ta inda zai karya. Wannan da kuka kawo, sai wanda ya riga ya yarda da ku ne zai gyaɗa kai."

Manaja bai jira taro na gaba ba. Washegari da hantsi ya zo gidanta da mota ya ce ta raka shi kasuwa. Ya kai ta layin masu kayan gini, suka bi shago-shago. Ko'ina gwangwanayen fentin ƙasar waje ne a jibge har rufi, nasu kuma 'yan ƙalilan a can ƙurya sun yi ƙura. Wani dillali da ya daɗe yana sayen kayansu ya gaishe su yana kawar da ido. Manaja ya ɗauki gwangwani ɗaya na waje ya miƙa mata.

"Yadda ake sayar da wannan, ko kuɗin kayan haɗi bai kai ba a wajenmu. Can inda ake yinsa gwamnatinsu ce ke tallafa musu. Ba ƙwarewa suka fi mu ba, gata suka fi mu."

Daga nan ya wuce da ita siton kamfani. Kaya ne maƙare har ba wurin taka ƙafa.

"Jam'iyyar nan ta rubuta a fili cewa za ta ƙara haraji a kan fentin waje. Ɗayar ta ce za ta bar ƙofa a buɗe. Ni ban ce ki so su ba, Yaya. Amma kamfanin nan yana da abin da zai rasa, kuma ba mu uku kaɗai ke ci daga cikinsa ba. Ki dubi ma'aikatan nan. In doka ta ba mu dama mu taimaki wanda manufarsa za ta raya mu, a fili, da sunanmu a jarida, ina laifin?"

Ta koma gida tana juya maganar. Safiyo yana tsakar gida yana fama da wata tsohuwar rediyo, ya tambaye ta yadda aka yi.

"Manaja ya kawo magana mai nauyi."

"To ki ba shi ƙuri'ar mana, mu huta. Tun da aka fara zancen nan gishiri ya ɓace a girkin gidan nan."

"Ban gama ji ba," ta ce, ta shige ɗaki.

Auta ya ɗauki kwanaki yana fushi kafin ya zo. Ya same ta da la'asar tana ninke wanki a falo, ya zauna a hannun kujera ya fara jawabi irin na aji, yana ambaton makomar al'umma da hukuncin tarihi. Ta miƙa masa gefen zanin gado ya kama.

"Ni ba ɗalibarka ba ce. Yi mini maganar gida."

Ya ci gaba da ninkewa. Da ya sake magana muryarsa ta sauko.

"Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nan nawa ne, kuma ni ba su zan zaɓa ba. Za a ɗauki guminmu a yi kamfen a kan ƙuri'ata. Ma'aikatan ma kowa da inda ya dosa, ba wanda ya tambaye su."

"Na farkon ya tsaya," ta ce. "Na biyun da saura. Ma'aikata albashinsu suke karɓa, ba daga aljihunsu za a cira ba. Kuma Manaja zai ce don aikinsu ya tsira yake yi."

"To ki ji wannan. Fentin wajen nan da muke kuka da shi, wa yake saye? Mai tsani da buroshi, da wanda ya tara shekaru yana so ya shafe ɗakinsa. Su arha ta yi musu daɗi. In an ƙara haraji, su za su biya. Ban ce su ke da gaskiya mu ba mu da ita ba. Amma ranar da minista zai zauna ya yanke, mu muna da cek a kan teburinsa, mai tsani ba shi da komai sai ƙuri'a ɗaya da ya riga ya jefa. Wa kike ganin za a ɗaga wa waya?"

Ta tsaya da zanin a hannu. Duk zagayen da suka yi a kasuwa, hankalinta bai je kan masu sayen gwangwanayen nan ba, ita da ubanta ya yi rabin rayuwarsa a kan tsani yana neman fenti mai sauƙi.

"Me ya hana ka faɗi wannan tun farko, ka tsaya kallon tumbin mutane?"

"Raina ne ya ɓaci."

"Ɓacin ranka ya kusa sa ka faɗi."

A taro na biyu kowa ya zo a shirye. Auta ya maimaita maganarsa ba tare da zagi ba. Manaja ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mai tsani ma ɗan wani ma'aikacin kamfani ne ko ƙaninsa, in kamfanoni suka mutu ba wanda zai samu kuɗin kiransa aiki. Ya ƙara da wata da Yaya ba ta ji a baya ba.

"Jam'iyya ba ta tafiya da iska. Mota tana shan mai, rediyo ba ya sa talla kyauta. Dole wani ya biya. In mu da muke bayarwa a fili, da rasit, da sunanmu a jarida, muka janye, ba kuɗi ne zai bar siyasa ba. Masu kai shi a buhu a ɓoye ne za su rage su kaɗai."

Ta dubi Auta. Ya sosa ƙeya.

"Wannan ban da cikakkiyar amsarta," ya ce.

"Madalla da ka faɗa," in ji ta. A ranta kuwa ta ji ma'aunin ya fara rinjaya wajen Manaja.

Akanta ne ya jagula lissafin, kuma da niyyar taimako ya yi. Ya ɗaga biro ya nemi izini.

"Ranka ya daɗe, me zai hana a raba, a ba waɗannan a ba waɗancan? Duk wanda ya ci, muna ciki. Kuma kwangilar fentin makarantun nan da ma'aji ya ambata ba za ta wuce mu ba."

Manaja ya watsa masa wani kallo da ya sa ya mayar da biron aljihu.

Yaya ta sa tabarau. "In aka ba duka biyun, to ba manufar haraji ake goyon baya ba ke nan, tunda ɗaya tana so ɗaya ba ta so. Ƙofa ake saye. Mu ajiye wannan. Manaja, an yi maganar kwangila?"

"A wucewa ya ambata. Bai yi alkawari ba, ni ma ban roƙa ba."

"Na yarda. Ba a yin alkawari a irin wannan, na ga yadda ake yi." Ta matso da kujera. "Ga tambayata. Zan ba ka ƙuri'ata yanzu a bayar da gudummawar, saboda maganar haraji, amma mu rubuta mu sa hannu cewa kamfanin nan ba zai nemi kwangilar gwamnati ba har wa'adinsu ya ƙare. Za ka bayar a haka?"

Manaja ya daɗe yana kankare wani ɗigon fenti a kan teburin da farce. Da ya ga dama da ya ce e, ya karɓi ƙuri'ar, a warware sauran daga baya. Bai yi hakan ba.

"A'a," ya ce. "A haka ba zan bayar ba. Haraji zai ɗauki lokaci, ko ya zo ko kar ya zo. Kwangilar ce za ta kwashe kayan da ke sito."

"Na gode da ka faɗi gaskiya."

"Bari in ƙarasa miki gaskiyar, Yaya. Ke fansho kike karɓa, Auta albashin kwaleji. Ni ne ƙarshen wata yake zuwar wa da mutane a tsaye a bakin ƙofa. Ba ki taɓa kwana da wannan nauyin ba."

Maganar ta soke ta, domin ba ƙarya ya yi ba. Ta ce masa haka ne. Sannan ta ce duk hujjojinsa masu ƙarfi a kan manufa suke tsaye, amma kuɗin da yake son fitarwa a kan kwangila yake tsaye, kuma kwangilar makarantu da kuɗin jama'a ake biyanta, ya kamata wanda fentinsa ya fi kyau da sauƙi ya samu. Ƙuri'arta a'a ce. Kowa yana da rabonsa na riba, wanda yake son jam'iyya ya ba ta daga nasa da sunansa.

Manaja ya tattara makullansa ya sauka bai yi sallama ba.

Ya bayar daga aljihunsa, abin da ya iya, sunansa ya fito a jarida can ƙasa. Jam'iyyar ta ci zaɓe. Kwangilar makarantu ta tafi wajen wani kamfanin fenti da sunansa yake can sama a jerin masu gudummawa. Ko don gudummawar ce ko don farashinsu ya fi sauƙi, ba wanda ya iya tabbatarwa, Yaya kuma ta ƙi yarda a faɗi ɗaya a gabanta kamar an gani da ido. Kayan sito suka ci gaba da zama. Kafin shekara ta zagayo sai da aka rufe aikin yamma a kamfanin, aka bar na safe kaɗai.

Ranar da za a sallami masu aikin yamman, Manaja ya kira ta a waya, karo na farko tun taron.

"Ke kika jefa ƙuri'a. Ki zo ki tsaya kusa da ni."

Safiyo ya ce ba dole ba ne ta je, wannan cin fuska ne. Ta ce ba cin fuska ba ne, haƙƙinsa ne. Ta je ta tsaya a filin lodin kaya, rana tana dukanta, Manaja yana bayani mutane suna kallon ƙasa. A cikinsu akwai Mai-launi, tsohon da ke haɗa kaloli tun zamanin durom, wanda hannayensa suka rine har abada. Da aka gama ya zo ya gaishe ta kamar kullum, ya tambayi gwiwarta. Ta so ya yi mata faɗa, bai yi ba. Ta ce masa da hannunta a cikin abin da ya faru, ta gaya masa yadda aka yi a taƙaice. Ya saurara ya ce, "To, Yaya, ku kuka san wannan. Ni dai gobe ban san inda zan nufa da safe ba." Ya ɗauki ledar kayansa ya fita.

Ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki.

Daga baya gwamnati ta ƙara harajin, ba kamar yadda ta yi alkawari ba, amma ya isa dillalai su sake waiwayar kayan gida. Auta ya zo da murna yana cewa ga shi kamfani bai biya ko sisi ba kuma sun samu, ai gaskiya ta yi halinta. Ta ce ya rufe mata baki.

"Wasu suka biya muka ci. Wannan bai nuna muna da gaskiya ba, sa'a ya nuna. Da ba a ƙara harajin ba, da yanzu me za ka ce?"

Kamfanin ya farfaɗo a hankali. Manaja ya fito da ƙananan gwangwanaye don masu shafe ɗaki ɗaya, suka karɓu. Aka dawo da yawancin masu aikin yamma. Mai-launi bai dawo ba, ya riga ya koma wajen ɗansa a wani gari, idonsa ma ya fara rauni. Tsakaninta da Manaja kuwa sai gaisuwar dole. Matarsa tana zuwa, 'ya'yansa suna zuwa, shi yana aiko da gaisuwa. A taro yana ce mata Yaya yana kallon takarda.

Da zaɓe na gaba ya matso, Auta ya riga ya shiga jam'iyyar adawa tsundum, har an ba shi wani muƙami a mazaɓarsu. Ya zo taro da fara'a ya ce shi ba kuɗi yake nema ba, Allah ya kiyaye. Motocin kai kaya kawai yake so a ara musu su ɗauki kujeru da lasifika zuwa gangami, da 'yan gwangwanaye kaɗan na rubutun bango.

"Mota da man wa za ta tafi?" in ji Yaya. "Direba wa ke biyansa?"

"Haba Yaya, ai wannan daban ne. Mu talakawa muke wa aiki. Waɗancan kuwa kin san ko su wane ne."

"Waɗancan ma haka suke faɗa a kanku. Kawo wata."

Auta ya ce jam'iyya ba ta tafiya da iska. Manaja ya ɗago kai a karo na farko, ya ce a ba shi maganarsa in an gama da ita, don bai sayar ba. Akanta ya kasa riƙe dariya har sai da ya fita waje. Auta ya yi ta kame-kame, daga baya shi ma ya yi dariyar, ya ce to a ba shi hayar motocin a farashin kowa. Aka yarda da haka, ya biya daga aljihunsa yana ƙorafi.

Da aka tashi, Yaya ta tsaya a saman bene tana neman inda za ta dafa, don gwiwar ta matsa mata a shekarar. Manaja ya zo ta bayanta ya kama mata hannu, suka fara sauka a hankali.

"Har yanzu ina ganin kin yi kuskure a wancan karon," ya ce.

"Zai yiwu. Na sha juya shi."

"Da za a sake, me za ki yi?"

"Abin da na yi. Amma da na fara neman yadda za a yi da mutanen yamma kafin in buɗe baki. Wannan ban yi ba."

Suka kai ƙasa. Ya hana ta tsayar da tasi, ya buɗe mata gaban motarsa, ya kwashe takardu da samfurin kaloli daga kujerar ya watsa baya. A hanya ya ce zai sa a sauko da ofishin taro ƙasa, kusa da sito, benen nan ya isa haka. Ta ce ya dai fara gyara fankar ɗakin, don ba za ta zauna cikin warin fenti da zafi ba. Suka tsaya a wani shago ya saya wa Safiyo batirin rediyo, ya shiga gidan ya zauna har aka kawo abinci.